Madaurin Wuya Mai Lantarki: Yadda Ake Sabar wa Kare da Shi a Ƙasashen Turawa

Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta ya san wuyar kiran kare idan ya hango zomo. Ka yi ta fito, ka yi ta kira, ko waiwaye ba zai yi ba. Wannan matsala ce ta sa maharban Amurka suka fara ɗaura wa karnukansu wani madauri mai batir a wuya, tun cikin shekarun 1960.

Madaurin yana da ɗan akwati mai kan ƙarfe biyu da ke taɓa fatar wuya. Mai karen yana riƙe da wata 'yar na'ura kamar ƙaramar rediyo. Idan ya danna ta, sai saƙo ya tafi ta iska. Ko da karen ya yi nisan kilomita guda, wuta za ta ja shi a wuya. Irin na da suna da zafi ƙwarai. Na yanzu ana iya rage ƙarfinsu ko a ƙara, wasu daga lamba 1 har zuwa 100. Akwai kuma madannin da ke sa madaurin ya yi ƙara ko girgiza kawai, ba tare da wuta ba.

To, yaya ake farawa? Masu wannan sana'a ba sa kunna shi a ranar farko. Kare zai yi kwanaki yana yawo da shi a kashe, yana ci, yana wasa, har ya manta da shi. Dalili kuwa, kare yana da wayo. Idan ya gane daga madaurin zafin ke zuwa, zai yi biyayya ran da aka ɗaura masa, ya yi kunnen ƙashi ran da aka cire. Ba a ɗaura shi sako-sako, ba a kuma shaƙe shi. Masu ƙera shi sun ce kada ya wuce awa 12 a wuya, don ƙarfen yana iya yi wa fata gyambo. Ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, ba a sa masa.

Ga inda maganar take. Madaurin ba ya koya wa kare kome. Sai an fara koya masa kiran da doguwar igiya da ɗan nama. Ka kira sunansa, ka ja igiya a hankali, in ya zo ka ba shi nama. A yi ta haka har ya gane. Bayan nan ne ake kunna madaurin, a fara daga lamba mafi ƙanƙanta, ana ƙarawa ɗaya-ɗaya. Da zarar ya motsa kunne, ko ya sosa wuya kamar ƙuda ya sauka masa, sai a tsaya a nan. In ya yi kuka ko ya zabura, an wuce gona da iri.

Lokacin dannawa shi ne abu mafi wuya. Kare ba ya ganin hannun da ya danna. Abin da ke gabansa a lokacin shi zai ɗora wa laifi. A ce yana kallon yaro ko akuya sa'ad da wutar ta ja shi. To, yana iya ɗaukar tsoron yara, ko ya riƙa kai musu cizo. Mai saurin fushi kuwa, ba shi da dalilin riƙe wannan na'ura.

Saboda irin wannan ne ƙasashe da dama suka hana shi. Wata babbar kotu a Jamus ta haramta horar da kare da shi a 2006. Yankin Wales na Birtaniya ya kafa dokar hana shi a 2010, kuma a 2011 aka ci wani mutum tarar fam 2,000 don ya ɗaura wa karensa. A Amurka ana sayar da shi, amma babban kantin Petco ya daina ajiye mai jan wuta a 2020.

A shekarar 2020 ɗin, masana a Jami'ar Lincoln ta Ingila suka buga sakamakon wani gwaji. Sun raba karnuka 63 kashi uku, aka yi kwana 5 ana koya musu "zo" da "zauna". Kashi ɗaya da madauri, biyu babu shi. Waɗanda aka horar da kyautar abinci su suka fi saurin amsa kira, kuma su suka fi zuwa tun kiran farko.