Lambar Gidan Waya da Kasuwar Talabijin a Amurka

Kamfanin Nielsen ya kasa Amurka zuwa yankunan kasuwar talabijin 210, inda akasari yake sanya gunduma a yankin tashoshin da mazaunanta suka fi kallo. Masu talla kuwa da lambar gidan waya, wato ZIP da aka ƙaddamar a 1963, suke gane mazaunin abokin ciniki. Sai dai domin rarraba wasiƙu aka tsara lambobin, shi ya sa wata kan ƙetare iyakar gunduma ta faɗa yankuna biyu.

Iyakokin jihohi ma ba sa aiki a nan. Arewacin New Jersey na ƙarƙashin kasuwar New York, kudancinta kuma Philadelphia. Don haka ɗan takarar gwamnan jihar kan biya kuɗi masu tsoka, alhali mafi yawan masu kallon tallarsa ba su da ƙuri'a a jihar.