Renon 'Ya'ya da Wasiyya ga Iyaye Masu Ɗauke da Ƙwayar Ƙanjamau

Tun daga shekarar 2006, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta fara ba da maganin rage kaifin ƙwayar ƙanjamau kyauta a asibitocinta, uwar da ta lizimci shan maganinta bisa ƙa'ida tana iya haihuwar ɗa lafiyayye, ta shayar da shi, har ta ga aurensa da izinin Allah. Ƙwayar kuwa ba ta bin goyo, balle cin tuwo a kwano ɗaya.

Duk da haka, wajibi ne ga mahaifi, lafiyayye ko majinyaci, ya tsara al'amarin 'ya'yansa tun yana da ƙarfinsa. A mazhabar Malikiyya, haƙƙin renon yaro na uwa ne, in ta rasu ya koma ga kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Uba kuma yana da ikon naɗa wasiyyi amintacce wanda zai tsare dukiyar marayu. Ya kyautu a rubuta wannan gaban shaidu biyu adilai, kuma in yaron yana shan magani, lalle a sanar da mai riƙonsa ranar komawarsa asibiti, don kada jin kunya ya sa a katse masa maganin.