LibreOffice: gyaran da ido ba ya gani

Duk sakataren da ya taɓa buɗe wata taga a cikin manhajar rubutu, ya tarar da kalmar faransanci ta yanke a tsakiya, rabinta ya ɓace a bakin maɓalli, ya san irin takaicin da ake nufi. Galibi laifin ba na mai fassara ba ne. Tushen matsalar yana can ciki, a cikin rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, inda mai aiki da kwamfuta ba ya leƙawa. Masu kula da LibreOffice sun sha fama da wannan matsala.

LibreOffice manhaja ce ta aikin ofis, kyauta ake samunta, kuma kowa yana da izinin duba cikinta ya gyara. Asalinta daga Jamus ne, inda kamfanin Star Division ya ƙera StarOffice. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi a shekara ta 1999, a 2000 kuma ya buɗe rubutun umarnin ga jama'a da sunan OpenOffice.org. Da kamfanin Oracle ya haɗiye Sun a 2010, sai masu aikin sa-kai da dama suka ji tsoron makomar aikin. A watan Satumba na wannan shekara suka ware, suka sanar da kafa gidauniyar The Document Foundation, a watan Janairu na 2011 kuma LibreOffice ta farko ta fito.

Abin da suka gada kamar tsohon gidan gado ne, wanda kowane magaji ya ƙara masa ɗaki ba tare da ya rushe na da ba. Layukan umarni miliyoyi ne. Akwai sassan da babu abin da ke amfani da su, amma suna nan. Bayanan da maginan farko suka bari domin na baya su gane aikin, da yawansu da jamusanci aka rubuta su, alhali masu son taimakawa sun fito daga ƙasashe barkatai. Sabon zuwa yakan shiga da zumuɗi, ya ɓace a ciki, ya fita.

Saboda haka shugabannin aikin suka fara da shara. Suka jera ƙananan ayyukan da ko ɗan koyo zai iya ɗauka: wani ya fassara bayanan jamusanci zuwa ingilishi, wani ya cire umarnin da ya mutu. Aiki ne maras armashi, ya kuma ɗauki shekaru, amma ta nan mutane da yawa suka koyi hanyoyin gidan. Tsohon tsarin harhaɗa manhajar ma an musanya shi, aka gama a 2013.

Maganar tagogi ita ce ta fi shafar mai amfani. A tsohon tsari, wurin kowane maɓalli da faɗinsa da hannu ake rubuta su da lambobi, ba sa motsi. To, kalmar adana takarda da ingilishi ke rubutawa da haruffa 4, faransanci da 11 yake rubuta ta: Enregistrer. Ko dai a bar fili mai yawa a kowane harshe, taga ta yi muni, ko kuwa kalma ta yanke. Daga fitowa ta 4.0, a 2013, Caolán McNamara na kamfanin Red Hat a lokacin ya jagoranci sake tsara tagogin ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwansu, ta yadda kowace za ta miƙe ko ta tsuke daidai da rubutun da ke cikinta. Zuwa fitowa ta 4.4, a farkon 2015, kusan duka an gama. Tun daga nan mai fassara zuwa kowane harshe ba ya buƙatar ƙirga haruffa, kuma mai zanen fasali yana iya gyara taga ko da bai ƙware da rubutun umarni ba.

A kan wannan harsashi ne aka gina NotebookBar, sabon jerin maɓallai mai kama da wanda Microsoft ya shigo da shi a 2007. An gwada shi a 2017, aka miƙa shi ga kowa a 2019, amma ba a tilasta wa kowa ba: wanda ya saba da tsohon jeri yana nan da abinsa. Wannan adalci ne ga tsofaffin hannu, ko da yake kula da fasali iri-iri lokaci guda ƙarin nauyi ne a kan ma'aikatan da ba su da yawa. Har yanzu kuma takardar da aka rubuta da Word takan zo da layuka a karkace, abin da ke sa wasu ofisoshi ja da baya.

Duk da haka, a 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein, a arewacin Jamus, ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30.000 a kan LibreOffice.