Bashin Gwamnati Ba Ganima Ba Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun matasa da tashoshin mota da zaurukan WhatsApp, har ta kusa zama doka: wai kuɗin gwamnati ba a biyansa. Da zarar an buɗe neman rancen manoma ko na 'yan kasuwa, sai ka ji ana kiran juna, "Ku zo ku cike, rabonmu ne daga arzikin ƙasa, babu mai zuwa ya tambaya." Ƙanwar wannan magana ita ce abin da ke faruwa ranar rabon kayan sana'a. Ana cikin fili ana jawabi ana tafi, dillalai na bakin ƙofa da kuɗi a aljihu. Keken ɗinki ko injin markaɗen da aka miƙa wa mutum da hantsi, kafin la'asar ya koma kasuwa a kan rabin kuɗinsa. Abin takaicin shi ne yadda ake ba da labarin ana dariya, kamar an yi wata bajinta. Ni a ganina babu wayo a ciki, domin wanda ake cuta ba shi ne wanda ake zaton ana cuta ba.

Tallafin da ake yi wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi ba iri ɗaya ba ne. Akwai kyauta zalla, kamar naira 5,000 a wata da aka riƙa ba gidajen da suka fi talauci a zamanin Buhari. Akwai na aiki da horo, irin N-Power da aka fara a 2016, inda matashi mai digiri ko NCE ya riƙa karɓar naira 30,000 a wata yana koyarwa ko yana aiki a asibiti. Sai kuma rance: TraderMoni na masu ƙananan sana'o'i, Anchor Borrowers na manoma, bashin korona da aka bayar ta bankin NIRSAL, da bashin karatu na NELFUND. Duk rikicin ya taso ne daga masu ɗaukar na ukun nan su jefa shi cikin kwandon na farko da gangan.

Mu dubi abin da ya sami shirin Anchor Borrowers, tunda a gidanmu aka haife shi. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shi cikin Nuwamban 2015, da nufin Babban Bankin Najeriya ya ba ƙaramin manomi iri da taki da maganin feshi da ɗan kuɗin aiki, shi kuma ya biya da amfanin gona bayan girbi. Kuɗin da aka zuba a shirin ya haura naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya. Babban Bankin ya musanta, ya ce abin da ya dawo ya ɗan haura kashi 50, kuma wani ɓangare lokacin biyansa bai yi ba. To ko lissafin bankin muka ɗauka, maƙudan biliyoyi na waje. A ƙarshen 2023 sabon shugabancin bankin ya dakatar da karɓar sabbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Ba rashin biya kaɗai ya jawo hakan ba, sabbin shugabannin na da ra'ayin cewa rabon rance ba aikin babban banki ba ne. Amma wane ne zai iya tsayawa ya kare shirin da bakin ƙarfi alhali ga littafin bashi a buɗe? Manomin da ya karɓi taki ya sayar ya ƙara aure ya riga ya sha bikinsa. Wanda ya rasa shi ne ƙaninsa da ya tasa yanzu, yana da gona, yana da ƙarfi, ba shi da kuɗin buhun taki, ya zo ya tarar an rufe ƙofa.

Haka aka tsara yawancin rancen talakawa: kuɗin da wannan ya dawo da shi ne ake miƙa wa na bayansa. TraderMoni ma da naira 10,000 aka riƙa farawa, wanda ya biya cikin wata shida ya cancanci abin da ya fi haka, ana hawa mataki-mataki har zuwa 100,000. Mai kayan miya da ta cinye dubu goman farko ta ƙi biya, ta sayar da damar dubu ɗari a kan dubu goma, sannan ta tare wa maƙwabciyarta hanya. Kuma a wane yanki ake wannan wasa? Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, Sakkwato ce a kan gaba. Mu ne muka fi kowa buƙatar waɗannan asusai su rayu.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce: manya na sace biliyoyi, don me za a matsa wa talaka a kan dubu hamsin? Maganar satar gaskiya ce, kuma ba a nesa take ba. A Janairun 2024 sai da Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, ya kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci saboda zargin karkatar da kuɗi. Fushin talaka yana kan hanya. Sai dai a tambayi mai wannan hujja: in ka ƙi biyan rancenka, aljihun wane babba ne ya ragu? Ko sisin kwabo bai fita daga hannun ɓarawon gwamnati ba. Hasali ma ka yi masa aiki, domin idan lissafi ya rikice, aka ce ai talakawa ne ba sa biya, nan ne shi ma yake ɓoye nasa ɓarnar, ya cusa sunayen manoman bogi cikin jerin waɗanda suka gudu da bashi. Wanda ya biya yana riƙe da rasit, shi ke da bakin tambayar ina kuɗin suka tafi. Wanda ya ci ya yi shiru ba ya son a buɗe littafin kwata-kwata, don sunansa na ciki.

Ta fuskar addini kuwa, ban san inda aka samo sassaucin ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umarni a rubuta shi a kafa shaidu. Sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa janyewa daga sallatar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mutumin da ba zai iya haɗa ido da mai shagon unguwa ba saboda bashin kwanon shinkafa, shi ne zai sa hannu a takarda, ya dangwala yatsa, ya yi alkawarin biya, da niyyar ba zai biya ba tun daga ranar. Bashin mutum ɗaya kana iya zuwa ka roƙe shi ya yafe. Dukiyar al'umma fa, gidan wa za ka je neman yafiya?

Batun cewa babu mai tambaya ma ya zama tsohon labari. Tun 2020 Babban Bankin ya fito da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga kowane asusun mai bashin da ke haɗe da lambar BVN ɗinsa, ko a wane banki yake. Da yawa daga waɗanda suka karɓi bashin korona suna cewa kyauta ce sun wayi gari an zare musu kuɗi daga asusu, wani kuɗin ma na amana ne da aka turo a ajiye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada kuma wani ya ce talauci ne ke hana biya, domin tarihinmu ya ƙaryata haka. Matan da ke zubin adashi a lungunan Kano da Zariya ba su da lauya ba su da ɗan sanda, amma kwasa na zagayawa shekara da shekaru. A yankin Maraɗi ne, cikin 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda matan karkara ke zuba ɗan abin da suka samu duk mako a akwati mai kwaɗo, su ranta wa junansu, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Waɗannan mata sun fi yawancin masu cike fom a waya talauci, amma suna biya, saboda sun san kuɗin na Ladi ne da Hajara, kuma gobe za su haɗu a bakin rijiya. Abin da ya ɓace a rancen gwamnati shi ne wannan sanin cewa kuɗin na da masu shi.

Ba na musun cewa akwai mai uzuri na gaskiya. Ambaliyar 2022 ta shanye gonaki a Jigawa da wasu jihohi, 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina, wani kuma an kawo masa taki bayan damina ta yi nisa. 'Yan siyasar da ke raba rance gab da zaɓe suna ƙifta ido su ma suna da nasu kason na laifi. Amma mai uzuri daban, mai niyyar cinyewa daban, kuma na biyun ne ke fakewa a bayan na farko.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka miƙa hannu ka fara tambaya: wannan kyauta ce ko rance? In rance ne, nawa za a biya, yaushe, akwai ruwa a kai ko babu? Wanda bai iya karatun Turanci ba ya nemi ɗansa ko malamin makarantar unguwa ya karanta masa takardar kafin ya dangwala. In akwai ruwa kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka bar shi, ka nemi tsarin da babu ruwa, ko hukumar zakka da waƙafi a jihohin da ke da ita kamar Sakkwato da Zamfara. Ƙin karɓa halal ne, karɓa da niyyar ƙin biya ne matsalar. Kada ka ba wani sunanka da BVN ɗinka ya karɓi rance ya ba ka "na goro", domin ranar biya sunanka za a kira, shi ya daɗe da canza layi. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo, ko da ya rantse daga Abuja yake kira. Wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ko kuɗin "saka suna" a rajistar talakawa, ka ɗauke shi ɗan damfara har sai ka je ofishin ƙaramar hukuma ka ji da kunnenka. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit ka adana. In gona ta lalace ko jari ya karye, kada ka ɓuya. Ka ɗauki hoto, ka sanar da shugaban ƙungiyarku da bankin tun da wuri, a rubuce, ka nemi a ɗaga maka lokaci.

Masu karɓar kayan sana'a kuma, in ba ka da sha'awar ɗinki kada ka shiga layin keke. Ka bar wa bazawarar da ta iya, wadda haya take biya kullum a keken wani. In ka riga ka karɓa, ka ba da shi haya ko ka haɗa kai da wanda ya iya ku raba riba, ya fi ka miƙa wa dillali. Masu rabon su ma su daina tara mutane a fili don hoto. A tambayi kowa sana'ar da yake yi, a bi ta hannun masu unguwanni da ƙungiyoyin sana'a da suka san mutanensu, a koma bayan wata uku a ga ko injin na nan. Limamai su sa wannan a huɗuba kamar yadda suke sa tauye mudu.

Gwaji na gaba yana hannun ɗalibanmu. Dokar bashin karatu da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ta tanadi a biya wa ɗalibin babbar makarantar gwamnati kuɗin makaranta kai tsaye, a ba shi kuɗin kashewa (NELFUND ta sa naira 20,000 a wata), babu ruwa ko kwabo, kuma ba zai fara biya ba sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu. Tuni aka fara raɗa wa yara cewa shi ma "a ci kawai". Iyaye, ku zaunar da 'ya'yanku ku gaya musu bashi suka ɗauka, kuma ƙannensu da ke firamare yau da abin da suka dawo da shi za su yi karatu.