Tsohuwar kwamfuta, tsohon Windows: yadda masu buga takardu ke ceton na'urorinsu

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a kusa da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko bakin babbar kasuwar Maraɗi da ta Damagaram, ya san yadda wurin yake: kwamfuta ƴar gwanjo da aka shigo da ita daga Turai, firinta da ta sha aiki, da ɗalibai da masu neman aiki a jere riƙe da kile USB. Idan aka leƙa allon kwamfutar, sau da yawa Windows 7 za a gani, wanda ya fito tun 2009. Wani lokaci ma Windows XP ne na 2001.

Wannan ba rashin sanin zamani ba ne. Lissafi ne na mai neman abinci.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba. Magajinsa, Windows 11, yana da sharuɗɗa: RAM ta kai jiga 4, ma'aji jiga 64, da wata ƴar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Kusan duk kwamfutar da aka ƙera kafin 2017 ba ta cikin jerin waɗanda ya yarda da su, alhali irinsu ne suka cika kasuwanninmu. Sayen sabuwa kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne, musamman tun da rufe iyaka da Benin a 2023 ya sa kaya ke zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Amma sau da yawa ba kwamfutar ce ke tilasta komawa baya ba, kayan da ke haɗe da ita ne. Kowace firinta ko sikana na buƙatar wata ƴar manhaja da ake kira direba, wadda ke fassara tsakaninta da Windows. Idan kamfanin da ya ƙera ta ya daina sabunta direban, sai a ga firinta lafiya lau amma sabon Windows bai san ta ba. Wasu tsofaffin firintoci direban 32-bit kawai suke da shi, shi kuwa Windows 11 na 64-bit ne kaɗai. Mai shago na da zaɓi biyu: ya jefar da na'urar da ke ciyar da iyalinsa, ko ya kai wa mai gyara ya goge kwamfutar ya ɗora mata tsohon tsari. Mafi yawa na biyun suke ɗauka, kuma kwamfutar kan dawo da sauri kamar sabuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsaro. An daina toshe ɓarakar Windows XP tun 8 ga Afrilu 2014, ta Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020. Manhajar Chrome ma ta daina sabuntawa a kan Windows 7 tun farkon 2023. Duk wata kafa da ƴan kutse suka gano bayan haka a buɗe take. A watan Mayun 2017, ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Birtaniya, kuma akasarin waɗanda ta kama Windows 7 ne da ba a sabunta ba.

A shagunanmu, abin da ke cikin haɗari ba na mai shagon ba ne kaɗai. Kwafin katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, difloma da kundin kammala karatu duk nan suke bi. Ga kuma kile USB da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, wanda shi ke yaɗa cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gunkin bogi a madadinsu.

Akwai hanyar rage asara. Ta farko ita ce raba aiki: tsohuwar kwamfuta ta tsaya kan rubutu da bugawa, a cire ta daga intanet gaba ɗaya, kada a buɗe imel ko asusun banki a kanta. Ta biyu, a riƙa binciken kowane kile kafin buɗe shi, a goge takardun abokin ciniki da zarar an gama, a ajiye kwafin muhimman ayyuka a wani ma'aji daban. Ta uku, a guji Windows ɗin da aka kwafo daga inda ba a sani ba, don wasu da cutarsu suke zuwa.

Ga mai buƙatar intanet, akwai Linux. Nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint Xfce kyauta ne, ana sabunta tsaronsu, suna tafiya a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, kuma suna gane tsofaffin firintoci da yawa. Ana iya gwada su daga kile ba tare da goge komai ba. Idan firintar ta buga shafin gwaji, an huta. Idan ta ƙi, a koma wa tsohon Windows, amma a zare wayar intanet tukuna.