CMoy: Yadda Ake Haɗa Amfilifayar Hedifon A Cikin Gwangwanin Alewa

Sau da yawa mutum kan tara kuɗi ya sayi babban hedifon irin na ma'aikatan situdiyo, ya jona a wayarsa, ya ƙure sauti, amma ya ji kiɗan can ƙasa-ƙasa ba armashi. Nan take sai ya ce an sayar masa da jabu. Galibi kuwa hedifon ɗin lafiyarsa ƙalau, wayar ce ba ta iya ba shi wutar da yake buƙata. Wannan matsala ce ta haifar da wata sana'ar hannu da matasa da dama a duniya suka mayar abin sha'awa, wato haɗa ƙaramar amfilifayar hedifon a gida.

Me ya sa waya take gazawa?

Kowane hedifon yana da abin da za a iya kira turjiya, wato yadda yake tare wutar da ake tura masa. Ana auna ta da om, kuma ana rubuta adadin a jikin kwali. Iyafis ɗin da aka saba gani a kasuwa yawanci om 16 ne zuwa 32. Amma Sennheiser HD 600 om 300 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro kuma ana yin sa kala-kala, akwai mai om 32, da mai 80, da mai 250.

Lissafin ba wuya. Ƙarfin da ke isa hedifon shi ne a ninka bolt da kansa, a raba da turjiya. Waya ko 'yar adaftar USB-C mai kyau takan fitar da kusan bolt 1. A kan iyafis mai om 32, wannan zai ba da miliwat 31, wanda ya isa har ya yi yawa. A kan hedifon mai om 300 kuwa, miliwat 3 da ɗoriya kawai za a samu. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan ƙaramar sigina ta ninka ta, ta hanyar amfani da wutar batirinta.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta tun kafin a kashe ko sisi. Amfilifaya ba ta gyara waƙar da aka matse ta lalace wajen turawa a WhatsApp, ba ta kuma mayar da iyafis mai arha ya zama mai tsada. Mai amfani da iyafis na Bluetooth ma ba ruwansa da ita, domin akwai 'yar amfilifaya a cikinsa tun daga kamfani.

Asalin CMoy

A ƙarshen shekarun 1990, wani mai sha'awar kayan sauti a Amurka mai suna Chu Moy ya wallafa zanen wata amfilifayar aljihu a HeadWize, shafin da ya kafa domin masu son hedifon. Zanen ya yi sauƙin da wanda bai taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba zai iya gwadawa. Mutane suka riƙa haɗa ta suna sakawa a cikin gwangwanin alewar Altoids, saboda gwangwanin ƙarfe ne, yana shiga aljihu, kuma yana rage ƙarar da sigina ke kwasowa daga waje. Daga sunan mai zanen aka samo sunan CMoy, kuma da ita masu koyo da yawa suke farawa.

Abin da ke cikinta

Zuciyar CMoy wata 'yar ayisi ce mai ƙafa 8 da ake kira of-amf, mai aikin ninka sigina. An fi amfani da OPA2132 ko OPA2134, waɗanda kowace ke ɗauke da of-amf biyu a ciki, ɗaya ta kunnen dama ɗaya ta hagu.

Sigina tana shigowa daga waya ta bi ta mamurɗin sauti, sannan ta ratsa kafasita mai maikrofarad 0.1, wadda ke tare duk wutar DC da ka iya biyowa. Daga nan sai ta shiga ayisi. Yawan ninkin da za a yi, resista biyu ne ke yanke shi. A zanen asali, ɗaya kilo-om 10 ce ɗaya kilo-om 1. Ana raba babbar da ƙaramar a ƙara 1, sai a samu ninki 11.

Ninki 11 ya yi wa kayan yau yawa. Batir mai bolt 9 ba zai bari a fitar da fiye da kusan bolt 2 na sauti mai tsabta ba, don haka idan adafta ta turo bolt 1 aka ce a ninka shi sau 11, sautin zai tsage. Shi ya sa masu haɗawa da yawa ke canza ƙaramar resistar zuwa kilo-om 4.7, ninkin ya dawo wajen 3. Ko a hakan riba ce babba: bolt 2 a kan om 300 miliwat 13 ne, wato ninki huɗu na abin da wayar ke bayarwa ita kaɗai.

Sai ɓangaren wuta. Of-amf tana son wuta mai fuska biyu, ta sama da ta ƙasa, tare da tsakiya. Batir kuwa kai biyu gare shi kawai. Dabarar Chu Moy ita ce a jera resista biyu masu kilo-om 4.7 da kafasita biyu masu maikrofarad 220, su raba bolt 9 gida biyu, 4.5 a sama 4.5 a ƙasa, mahaɗarsu ta zama tsakiya.

Raunin wannan zane

Wannan tsakiya ta resista ba ta da ƙarfi. Idan aka jona iyafis mai ƙaramar turjiya, wanda ke zuƙar wuta da yawa, sai rabon ya karkata gefe guda, sautin ya fara lalacewa kafin batir ya ƙare. Maganin da aka saba yi shi ne a maye gurbin resistocin biyu da wata 'yar ayisi mai suna TLE2426, wadda aikinta ke nan raba wuta daidai. Wasu kuma sukan sa batir biyu, mahaɗarsu ta zama tsakiya ta gaske.

A shekarar 2011 wani injiniya da ya ɓoye sunansa, aka san shi da NwAvGuy, ya fitar da zanen amfilifaya mai suna Objective2. Ya wallafa zanen kyauta tare da sakamakon awon da ya yi mata da na'ura, domin ya nuna cewa ayisi masu arha irin su NJM4556 za su iya yin aiki mai tsabta idan an tsara su daidai. Shi ne kuma ya yaɗa wata ƙa'ida mai amfani: turjiyar bakin amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon, in ba haka ba sautin zai sauya kama. Wanda ya gama CMoy ya ƙware, Objective2 ce matakin gaba.

Kayan aiki da yadda ake farawa

Ana buƙatar ƙarfen narka dalma, dalmar kanta, mitar awon wuta, allo mai huji-huji, kafar jona hedifon guda biyu masu milimita 3.5, makunni, da batir. Duk wanda ya taɓa zama wajen masu gyaran waya, kamar a Farm Centre ta Kano, ya san yawancin waɗannan. Resista da kafasita ana samunsu a shagunan kayan gyaran rediyo da talabijin. Ayisin ce ke buƙatar lura, domin jabun OPA2134 sun yi yawa a kasuwannin intanet.

Yana da kyau a fara liƙa mazaunin ayisi mai ƙafa 8 a kan allo maimakon ayisin kanta. Hakan yana kare ta daga zafin dalma, kuma yana ba da damar cire ta a gwada wata. A kula da fuskar kafasitocin wuta, domin idan aka juya su za su iya kumbura ko su fashe. Kafin a saka allo a gwangwani, a shimfiɗa roba ko kwali a ƙasa, kada ƙarfe ya haɗe wayoyin. Wanda wayarsa ba ta da kafar iyafis, kamar iPhone tun daga iPhone 7 ta 2016, sai ya fara jona adafta, sannan amfilifaya ta biyo baya.

Awo kafin saurare

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne jona hedifon mai tsada da zarar an gama liƙi. Idan akwai waya ɗaya da ta kauce, ayisi na iya tura wutar batir kai tsaye cikin hedifon ta ƙona siririyar wayar da ke cikinsa. Don haka a fara kunna amfilifayar ba komai a jone, a sa mita a awon DC, a auna tsakanin tsakiya da bakin kowane kunne. CMoy mai lafiya milibolt kaɗan take nunawa. Idan adadin ya haura milibolt 20, a kashe a sake bin layukan. Bayan haka a gwada da tsohon iyafis da ba a jin asararsa.

Hedifon idan ya ƙone ana sayen wani, kunne kuwa ba shi da kayan gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. A ma'auninta, babban mutum zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Waya takan yi gargaɗi idan sauti ya yi yawa, amfilifayar da aka haɗa a gida ba ta yi. Saboda haka a riƙa mayar da mamurɗi ƙasa kafin a sa hedifon, sannan a ɗaga a hankali. Idan kunne ya fara ƙugi bayan saurare, alama ce an wuce gona da iri.

Wa ya kamata ya haɗa ta?

Mai hedifon na om 150 zuwa sama zai ji bambanci a fili. Mai iyafis na om 32 ba lallai ya ji wani ƙari ba, wataƙila ma ya riƙa jin 'yar shuu a ƙasan kiɗa. Duk da haka, wanda ya haɗa CMoy guda ɗaya ya koyi karanta zanen lantarki, da lissafin resista, da liƙi mai tsabta, da bin sawun matsala da mita. Da wannan ilimin ake gyara sifika, caja da inbatar sola, kuma kayan farawar duka ba su cika tafin hannu biyu ba.