Kafin ka tura ayar nan a guruf, ka san inda aka yanko ta?

Ina jin kai ma ka taɓa ganin irin wannan. Ana zaune ƙalau a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji, ana cigiyar jadawalin jarrabawa, kwatsam sai wani ya cillo hoton aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki na Kirista mai maganar yaƙi, ya rubuta a ƙasa: "Ku ga abin da ake koya musu." Kafin minti biyar wani ya rama da fassarar wata ayar Alƙur'ani, shi ma ya yanke kai ya yanke gindi. A namu guruf ɗin haka aka yi, har mutum uku suka fice. Washegari a aji, waɗanda jiya suke cin awara a leda ɗaya suka koma gaisuwa sama-sama.

Kada ka ɗauka wasa ne. Mu 'yan Zamfara mun san inda magana kan addini take kaiwa idan ta kuɓuce. A watan Agustan 2016, mutum 8 suka rasa rayukansu a Talata Mafara bayan rigimar da ta tashi kan zargin ɓatanci. Ga Gusau kuma, gari ne da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, suke hawa keke napep ɗaya, suke zama aji ɗaya.

Abin da ya canza min tunani ya faru ne a mota, kan hanyar Gusau zuwa Tsafe. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi, mota ta yi tsit, kowa na addu'a a zuci, don ka san halin da hanyar nan take ciki a shekarun nan. Kusa da ni akwai wata 'yar ajinmu Kirista, haifaffiyar Gusau, Hausarta ta fi tawa. Sai ta ce min a hankali: "Malam, ka san a littafinmu akwai labarin hanya irin wannan?"

Labarin yana cikin Linjilar Luka, sura ta 10. 'Yan fashi sun tare wani matafiyi tsakanin Urushalima, wato birnin Ƙudus, da Yariko, suka yi masa dukan kawo wuƙa suka bar shi a yashe. Manyan ma'aikatan ibada biyu suka gan shi suka ratse. Na uku, Basamariye, shi ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu.

Da na ji, sai na ce to, labarin taimako ne kawai. Da na koma na bincika sai na ga ashe rabinsa na ji. Hanyar nan kusan kilomita 27 ce, gangara ce ta kusan mita 1000 a cikin duwatsu da hamada, ta yi suna wajen fashi. Dinari guda kuwa ladan yinin ɗan ƙwadago ne. Babban abin shi ne wane ne Basamariye. Tsakanin Samariyawa da Yahudawa akwai tsohuwar gaba kan inda ya kamata a yi ibada. Fiye da shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani shugaban Yahudawa ya rushe wurin ibadar Samariyawa da ke Dutsen Gerizim. Har yau akwai ragowarsu, ba su kai mutum 1000 ba. Wato waɗanda suka fara jin labarin nan an ce musu ne: wanda kuka fi ƙi, shi ya tsaya. Yanzu ka ɗauko labarin ka ɗora shi a hanyar Tsafe. Ka sa wanda ya tsaya ya zama ɗan ƙabilar da aka saba yi wa kuɗin goro a hirar majalisarku. Ka ji yadda maganar ta yi nauyi?

Ka ga abin da sanin muhallin magana yake yi ke nan. Kuma mu ba baƙinsa ba ne. Duk wanda ya zauna tafsirin watan azumi ya ji malam yana kawo sababin saukar aya, yana bambanta ta Makka da ta Madina. Malam Wahidi, wanda ya rasu a ƙarni na 11, littafi guda ya rubuta a kan wannan fanni. Idan wani ya yanko ayar yaƙi daga Alƙur'ani ya watsa, mu ne kan gaba wajen cewa ya je ya karanta abin da ke gabanta da bayanta. To me ya sa idan aka zo kan littafin maƙwabci sai mu ajiye wannan ma'aunin?

Ga wani abin da zai ba ka mamaki. Lambobin sura da aya da kake gani a hoton da aka turo maka, ba da su aka rubuta littattafan ba. Rabon surori da ake amfani da shi yanzu ana danganta shi ga wani limamin Ingila, Stephen Langton, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya saka su a 1551. Kafin nan zance ne a jere. Kuma littafin tarin rubuce-rubuce ne na ɗaruruwan shekaru, da Ibrananci da Aramiyanci da Girkanci, akwai tarihi, akwai doka, akwai waƙa, akwai wasiƙu. Kafin ya iso Hausa ma an yi tafiya: James Schön ya fara fassara sassansa tun wajajen 1857, cikakkiyar fassara ta fito a 1932 da aikin Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka sake fitar da sabuwa wajajen 1980.

Mu ɗauki dokar ƙisasi da ke littafin Fitowa, sura ta 21, wadda ake yawan jefawa a matsayin shaidar rashin tausayi. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan hukunci na Attaura a Suratul Ma'ida, aya ta 45. A 1901 masu haƙar kayan tarihi suka tono wani dogon dutse a Susa, cikin ƙasar Iran ta yau, ɗauke da dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda ya yi mulki fiye da shekara 1700 kafin haihuwar Annabi Isa. Dutsen yana gidan tarihi na Louvre a Faransa. A cikinsa ma akwai ƙisasi, sai dai da bambancin matsayi: idan babba ya tsiyaye idon babba a rama, idan na talaka ne a biya azurfa. A duniyar da dangi kan tashi su shafe dangi saboda rauni guda, dokar daidai da daidai birki ce: kada a wuce abin da aka yi. Daga baya malaman Yahudawa, a cikin Talmud, suka fassara ta da biyan diyya. Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Wanda ya ga yadda ɗaukar fansa tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya cinye ƙauyuka a jihar nan, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin wannan birki ba.

A nan ne ma nake ganin mun fi ɗalibin Landan sa'a. Duniyar da aka rubuta littattafan nan ta fi kama da Bungudu fiye da biranen Turai. Littafin Rut labarin wata gwauruwa ce baƙuwa da ta rayu da kala a gonar wani mai hali a Baitalami, saboda doka a Littafin Firistoci ta hana mai gona kwashe komai, ta ce a bar wa talaka da baƙo. Bature sai an yi masa sharhi. Kai da ka ga mata da yara suna kalar gyaɗa bayan an cire amfani, ka riga ka gane. Maganar aurenta a ƙofar gari aka yanke ta gaban dattawa, kamar yadda ake zama a ƙofar gidan mai gari. A littafin Farawa, makiyayan Ibrahim da na Lutu sun yi saɓani kan makiyaya, na Ishaku kuma sun yi rigima da mutanen gari kan rijiyoyi. Burtali da mashaya ke nan, abin da muke fama da shi har gobe.

Na san tambayar da ke ranka: wannan ba zai taɓa min aƙida ba? Fahimtar magana daban, yarda da ita daban. Musulmi da Kirista suna da saɓani na gaske kan matsayin waɗannan littattafai da kuma matsayin Annabi Isa, kuma babu wani ilimin tarihi da zai shafe shi. Ni Musulmi na shiga motar nan, Musulmi na sauka. Malamanmu na da ma ba su rufe ido ba. Malam Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya kawo nassoshi daga Attaura da Linjila a tafsirinsa, aka soke shi, ya rubuta littafi yana kare kansa. Suratul Ankabut, aya ta 46, ta yi umarni a yi muhawara da ma'abota littafi ta hanya mafi kyau. Yanko rabin zance don a kunyata mutum ba ya cikin wannan hanya. Ga 'yan'uwa Kirista ma haka: ma'aunin da kuke so a yi wa littafinku, ku yi wa namu.

A ajinmu na aikin jarida ana nanata mana tambayoyi: wa ya faɗa, yaushe, a ina, ga wa, kuma don me. Ana ce mana ɗan jaridar da ya yanke maganar mutum ya sauya mata ma'ana ya ci amana. Idan ba a yarda a yi wa kansila haka ba, ina ga littafin da maƙwabcinka yake tashi da asuba ya karanta?

Don haka idan hoton aya ya sake faɗo maka, dakata. Karanta surar gaba ɗaya. Tambayi wa ake yi wa magana, a wane zamani, kuma doka ce ko labari ko waƙa. Idan abin ya shige maka duhu, tambayi mai littafin yadda su suke fahimtarsa, sannan ka tambayi malaminka. In kuwa ba ka da lokacin duk wannan, to ba ka da lokacin turawa.

Da muka iso tashar Tsafe lafiya, direba ya yi hamdala da ƙarfi, 'yar ajin nan tawa ta ce "Mun gode Allah." Da daddare na mayar da mutum ukun nan guruf. Biyu sun zauna, ɗaya ya sake fita. Har yanzu ina lallaɓa shi.